Matar da ke Gefen Hoton

Ranar da Madam Philippa ta fara yaba kwandon Kalondu ina nan, ina shanya zannuwan gado a bayan kicin, kuma tun a lokacin na ce a raina yabon nan ya yi yawa. Shekara ashirin da shida Kalondu tana dafa wa gidan Harcombe abinci, ba a taɓa ce mata miyarta ta yi daɗi ba, sai ga shi ana shafa kwandonta kamar kan jariri.

Kyondo ne, irin wanda kowace mace a yankinmu na Ukambani take saƙawa da zaren makonge, wata shuka mai dogayen ganyaye masu kauri, ta rataya igiyarsa a goshi ya kwanta mata a baya. Amma adon jikinsa na gidan su Kalondu ne: baƙin layi mai karkacewa sau uku, da jan ɗigo a kowane lungu. Gudun zabuwa muke ce masa. Kakarta Mukulu ce ta fito da shi, kuma duk macen da take so a tudunmu sai ta ɗauko damin zare ta je ta zauna a koya mata. Iyakar kuɗin makarantar ke nan.

"Kalo, wa ya yi miki wannan?" in ji Madam. Ita ba ta iya kai sunan mutum ƙarshe ba.

"Ni ce, Madam."

"Ki ara mini na kwana biyu."

Kalondu ta juye wakenta a tukunya, ta miƙa. Da Madam ta shige na ce wa Kalondu, "Uwar Nthenya, ki yi bankwana da shi."

"Kai, Yaya Ndunge, ke ba kya taɓa zaton alheri."

"Ni nake wanke musu aljihu," na ce.

Kwana biyun suka zama wata biyu. Sai aka share tsohon siton masara, aka kira mata goma sha biyu, aka ce Kalondu ta riƙa koya musu bayan ta sauke abincin rana. Ta yi murna har tana waƙa wajen yanka albasa. Wata safiya Madam ta kira ta ɗakin cin abinci, ta ba ta kujera, abin da ba a taɓa yi ba, ta tura mata takarda.

"Ba wani abu ba ne, don masu ofis ne. Ki sa hannu a nan. Ai mu duka dangi ne a gidan nan."

Ina bakin ƙofa ina ninke adiko, na yi tari har sau uku. Kalondu ta waigo ta ce in sha ruwa. Ta sa hannu.

Kwanduna suka fara tafiya Nairobi a bayan mota, daga nan aka ce har ƙasashen Turawa. An canja wa adon suna, an sa masa sunan gonar su Madam. Mu ba mu damu ba, zabuwa ai ba ta san sunanta ba balle ta yi fushi.

Ranar wata Talata Kalondu ta sami hutu, ta kai nata kwanduna shida kasuwar bakin titi, kamar yadda uwarta take yi tun muna yara. Wasu mutane biyu masu takalma masu ƙyalli suka tsaya a kanta da wasiƙar lauya. Suka ce adon nan yana da rajista, mallakar kamfanin Madam ne, duk wanda ya saƙa ya sayar ya yi sata. Suka kwashe nata, suka kwashe na mata huɗu da ke kusa da ita. Ta dawo da ƙafa, hannu na dukan cinya.

Ta sami Madam a baranda tana shan shayi. Ni kuma sai ga ƙura ta bayyana a tagar barandar, dole na je gogewa.

"Madam, an ce na yi sata."

"Haba Kalo, kada ki sa wa ranki. Don ke na yi. Kin san akwai masu injina a ƙasashen waje? In ban rufe shi da takarda ba, gobe za su yi dubu da roba su zuba a kasuwa. Kare miki shi nake yi."

"To ai ni aka kama, ba su ba."

"Doka ba ta zaɓen fuska. Kuma ki tuna ni na gyara shi. Ni na ce a sa wa kwandon mariƙi na fata."

"Adon fa?"

"Adon yana nan yana yawo, ba na kowa ba ne, sai da na zauna na zana shi a takarda. A sa wa kifin nan lemun tsami yau, na jiya ya yi lami."

Maigida Hugh ya ɗago daga jaridarsa ya ce shi bai san kan zancen kwando ba, amma dai ƙasa ba ta ci gaba sai da tsari. Ya koma ciki.

Daga nan kwanakin Kalondu suka fara tsami. Matan tudu suka daina amsa gaisuwarta a bakin famfo. Wata ta ce mata a gaban jama'a, "Mai sayar da kaka, nawa aka ba ki?" Alhali ko tsinke ba a ƙara mata ba, sai dai aikin sito a kan na kicin. Muka je wajen Fasto Kisilu. Ya saurare mu yana kallon sama, inda sabon kwanon da gidan Harcombe suka rufa wa majami'a yake walƙiya, ya ce haƙuri ado ne ga mai bi, kuma akwai adon kwando da yawa a duniya, me zai hana ta koma mai layi-layi.

Duk wannan Kalondu ta shanye, saboda hankalinta yana kan abu ɗaya. Bikin 'yarta Nthenya, malamar firamare, saura mako bakwai. A wajenmu uwa ce take saƙa wa 'yarta kyondo, ranar biki ta rataya mata igiyar a goshi da hannunta a gaban dangin miji. Mukulu ta rataya wa uwar Kalondu, uwar ta rataya wa Kalondu, duk da gudun zabuwa. Tun bara ta fara na Nthenya. Zaren siriri kamar gashi, ita ta murza abinta a cinya, ta rina baƙin da ɓawon itace. Ban taɓa ganin saƙa irinta ba, kuma ni ba na yabon abin da ba nawa ba.

Tana zaune a bayan kicin da la'asar tana kammala bakinsa, sai inuwar Madam ta faɗo a kansa.

"Kalo, wannan ai shi nake nema. Da shi za mu je baje koli."

"Na auren Nthenya ne, Madam."

"Ki duba takardar da kika sa wa hannu. Duk abin da ma'aikaciya ta saƙa da adon nan na kamfani ne. Kuma bikinku na yanzu kowa da wayarsa, hoto zai bazu, mutane su ɗauka kowa ma zai iya yi. Ki shiga sito ki zaɓa mata ko wanne cikin marasa ado, kyauta na ba ki. Bayan baje koli sai mu yi magana."

Baje kolin kuwa sai bayan bikin da wata guda. Aka kulle kwandon a kabad ɗin gilashi a falo, inda Kalondu za ta riƙa ganinsa duk lokacin da ta kawo shayi. Tun daga ranar ta daina waƙa. Gishiri ya fara yawa a miya, wani lokaci babu sam. Ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa.

Abu ɗaya ne ba ta daina ba. A lungun da ke zuwa ɗakunan kwana akwai tsohon hoto: kakan Madam da hular kwano da bindiga, ƙafarsa a kan mushen ɓauna. A can gefe, rabin kafaɗarta ma bai shiga ba, wata budurwa ce tsaye da kwando a rungume, ta kawo wa masu farauta abinci. Mukulu ce. A ƙasan hoton an rubuta sunan Bature, da sunan karensa, da shekarar. Kowace Juma'a Kalondu takan goge gilashin ta ce, "Ina kwana, Kaka." Yanzu sai ta ƙara da, "Ki yafe mini."

Nthenya ce ta ce a je ofishin rajista a Nairobi a ji ta bakinsu. Muka cika motar haya mu takwas, duk tsofaffi, da ƙunshin dafaffen masara da wake, ita tana gaba kamar mai kai 'yan aji yawon buɗe ido. Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne mai sanƙo, ya ba mu benci.

"Iyayena, abin da doka ta ce, ana yi wa ado rajista ne in sabo ne. Mai wannan ta rantse sabo ne, ita ta ƙirƙira. In kun ce tsoho ne, ina shaidarku?"

Muka kalli juna. Tsohuwa Katumbi, wadda ta haura tamanin, ta dogara sandarta ta miƙe, ta ɗage zaninta har saman gwiwa. Duk macen da ta yi shekaru tana murza zare, cinyarta ta dama takan yi sumul, ta yi duhu, ta yi kanta kamar fatar ganga. Sai duk muka miƙe muka ɗage namu. Cinya takwas a jere a ofishin gwamnati.

"Ɗana, karanta," in ji Katumbi. "Wannan tun kafin a haifi uwar Madam ake rubuta ta."

Bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa, ya ɗauki fayil ya kare fuska. "Mama, don Allah ku sauke. Na yarda da ku, uwata ma haka tata take. Amma ba zan iya sa cinya a fayil ba."

"Ka sa tawa, ba ta da nauyi," na ce.

Ya yi dariya har da share ido. Sannan ya ce bakinmu zai taimaka, amma abin da ya fi ƙarfi shi ne takarda mai kwanan wata: littafi, ko jarida, ko hoto.

"Wa yake rubuta littafi a tudunmu a wancan zamanin?" in ji Nthenya. "Wa yake da abin ɗaukar hoto?"

"Kin san amsa, Malama," ya ce. "Dokar ma da kayan Turawan ta zo."

A mota na matsa kusa da Kalondu. "Hoton lungu. Ki sa shi a cikin kayan wanki, ni zan fitar."

"An riga an kira ni ɓarauniya a kan ƙarya, Yaya. Ba zan mai da ita gaskiya ba."

Na yi mata magiya har muka kai garin Athi River, ta ƙi. Na ce to, ta ci gaba da tsarkinta, 'yarta ta shiga gidan miji da kwandon sayo tumatir.

Saura kwana tara biki, ina lalube aljihun wandon Madam kafin in jiƙa, don ni ba na jefa tufa a ruwa ban san abin da ke cikinta ba, sai na ji ɗan kati mai kauri da zare a jiki. Sababbin katunan da aka buga ne don a rataya wa kowane kwando a baje koli. Na juya shi. Ga kakan Madam, ga ɓauna, ga Mukulu. Har an ƙara hasken wajen kwandon don mai saye ya gani da kyau, gudun zabuwa ya fito ɓaro-ɓaro, layi uku da ɗigonsa. Turancina na aji uku bai kai ni ko'ina ba, amma lamba ba ta gagare ni ba: 1938.

Na bar wankin a jiƙe na tafi makarantar su Nthenya da kumfa a hannu. Ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna a kan teburin wani yaro.

"Inna Ndunge, kin san abin da aka rubuta? Wai wannan ado tun 1938 ake saƙa shi a gonarsu, gadon gidansu ne."

"To. A wancan ofishin sabo ne, a wajen masu saye tsoho ne."

"Dubu biyu ta buga," in ji Nthenya, "na ji direbanta yana faɗa."

"Allah ya ƙara mata dubu," na ce.

Nthenya ta rubuta wasiƙa, ta haɗa da hoton katin, ta aika wa lauyan Madam, ta ce kwafi yana hanyar ofishin rajista. Kwana uku sai ga motar Lauya Kibisu a ƙofar gida, mutumin da wasiƙarsa ta kwashe kwandunan kasuwa. Aka zauna a baranda. Kalondu ta kawo shayi ta tsaya. Tagar nan kuwa ta sake yin ƙura.

Lauya ya ɗora katin a tebur ya ce, "Madam, ke kika buga wannan?"

"Ni ce. Masu saye suna son abu mai tarihi."

"Kuma ke kika rantse cewa ke kika ƙirƙiro shi shekara biyu da suka wuce."

"Ai wannan na ofis ne, wancan na kasuwa. Ba su haɗa hanya ba."

Lauya ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya nemi ruwan sanyi.

"Kuma hoton kakana ne," in ji Madam. "A gonarsa aka ɗauka. Mutanen da ke ciki ma'aikatansa ne."

Kalondu ta ajiye butar shayi a hankali. "Sunanta Mukulu, Madam. Ita ta goyi babanki."

Madam ta ɗauki katin ta kawo shi kusa da ido. Na rantse muku a ranar ta fara ganin akwai mutum a wannan gefen. Shekara hamsin tana wuce hoton nan safe da yamma.

Lauya ya yi ƙasa da murya, amma kunnena ba ya tsufa. Ya ce rantsuwa a kan abin da ba haka ba ba ƙaramar magana ba ce, gara ta janye rajistar da kanta kafin a janye mata, kuma duk wani kwando da ke hannunta wanda ba a sito aka saƙa ba, ta mayar yau. Madam ta yi ja har wuya. Ta shiga ta buɗe kabad, ta fito ta miƙa wa Kalondu kwandon.

"Ga shi, gudummawata ce ta biki. Da ma niyyata ke nan."

"Na gode, Madam," in ji Kalondu. Ni ce na shaƙe a bayan taga.

Ranar biki tudu ya cika. Matan da suka daina gaishe ta su ne a gaba wajen rawa, kowace da gudun zabuwarta a baya, wasu kwandunan ma daga ƙarƙashin gado aka zaƙulo su. Wadda ta kira ta mai sayar da kaka ta ci nama faranti biyu, na lura. Fasto Kisilu ya yi wa'azi a kan riƙon gadon iyaye, bai ko kalli kwanon rufin majami'a ba. Da lokaci ya yi Kalondu ta ɗaga igiyar ta ɗora a goshin Nthenya, ta gyara mata zaman kwandon a baya. Katumbi ta rangaɗa guɗa da haƙoranta biyu.

Kada ku ce komai ya koma daidai. Kalondu ba ta kai ƙarshen wata a gidan ba. Madam ta ce yarda ta ƙare a tsakaninsu, ta kawo wani mai dafa abinci daga Mombasa wanda yake zuba kwakwa har a shayi. Kwandunan kasuwa ba a dawo da ko ɗaya ba. Kuma da Nthenya ta koma wajen mai sanƙon nan ta ce to yanzu a rubuta sunan Mukulu da 'ya'yanta da matan tudu, sai ya girgiza kai. Ya ce a littafinsa abu ko dai sabo ne na mai suna, ko tsoho ne na kowa da kowa, har da masu injin roba. Ya ce an yi wata doka ta kayan gargajiya, ta tambaya a gunduma. Sau uku tana zuwa, mai kujerar yana taro.

Wato da bakin tsofaffi takwas masu rai, da cinyoyinsu, duk ba su kai nauyin hoton da Bature ya ɗauka don ya nuna ɓaunarsa ba. Da Mukulu ta makara da abincin nan minti biyar, da yau jikarta ɓarauniya ce a takarda.

Kalondu dai tana kasuwar Talata, ta mayar da ƙibarta, tana waƙa tana saƙa, duk wadda ta kawo damin zare ta zauna. Ni ina nan gidan Harcombe, don ba a sami mai guga irina ba. Gogen hotuna ma yanzu ni aka ba.

Juma'ar farko na je lungun da tsumma da alƙalamin da nake sa wa zannuwa alama, wanda ruwa ba ya wankewa. Na zare bayan hoton, na rubuta a farin gefen, ƙarƙashin ƙafarta, kusa da sunan kare: MUKULU, MAI KWANDON. Harafin K ɗin ya ɗan kwanta, amma ana karantawa. Na mayar na rataye.

Wata takwas ke nan. Madam tana wucewa safe da yamma, ba ta gani ba. Ni kuwa na san ba za ta gani ba, ai ba ta kallon wannan gefen.